Ku rubuta abin da kuka sauya, don Allah

Wallahi abin da aka yi a sabuwar fitowar wata buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa zai iya ganin lambobinta ya yi amfani da su, bai kamata a yi shiru a kansa ba. An cire aikin da mutane suka gina manhajojinsu a kai, an sake wa wani suna, sannan ka buɗe fayil ɗin CHANGELOG, wato kundin sauye-sauyen manhajar, ka tarar da layi ɗaya tal: ƙananan gyare-gyare. Wannan raina masu amfani ne.

Kada a zo min da maganar "ai kyauta muke yi". Na sani, kuma ina girmama duk mai sadaukar da lokacinsa ga buɗaɗɗiyar manhaja. Amma wanda ya samu sa'o'in rusa tsohon tsari ya gina sabo, yana da minti biyar na rubuta cewa ya rusa. Haka masu cewa a je a duba tarihin Git, manhajar da ke adana kowane gyara da masu gini suka yi tare da ɗan saƙon bayaninsa. Tarihin Git na masu gini ne, cike yake da "gyara kuskuren rubutu" da "sake gwadawa". Wanda aikinsa ya tsaya cak da tsakar dare ba shi da lokacin tona saƙonni ɗari uku don gano wanda ya karya masa kaya.

Ku tuna Disambar 2021, lokacin matsalar tsaro ta Log4j, manhajar da sabobi da yawa ke amfani da ita wajen rubuta bayanan abin da ke faruwa a cikinsu. Cikin makonni biyu aka fitar da 2.15.0, sai 2.16.0, sai 2.17.0. Duk mai kula da sabar da ta dogara da shi, tambayarsa ɗaya ce: me wannan fitowar ta toshe, me ta bari? Bayanin fitowa ne ya gaya wa mutane cewa 2.16.0 ta kashe JNDI, hanyar da maharan ke bi su shiga, tun daga saitin farko. A irin wannan ranar, kundin sauye-sauye ne ke nuna maka ko ka tsira ko da saura.

Kuma hanyar ba ɓoyayya ba ce. Tun 2014 Olivier Lacan ya shimfiɗa tsarin Keep a Changelog, wanda ya raba kundin sauye-sauye zuwa sassa: abin da aka ƙara, aka sauya, aka cire, aka gyara, wanda ake shirin daina tallafawa, da na tsaro. A saman fayil a bar gurbin abin da ba a fitar ba tukuna, duk wanda ya kawo gyara ya rubuta layinsa nan take, ba sai ranar fitarwa a zauna ana lalube a ƙwaƙwalwa ba. Idan rikicin haɗa rubutun mutane da yawa a fayil ɗaya ne matsalar, akwai manhajar towncrier, kowa ya ajiye ɗan fayil ɗinsa, ita ta tattara. Idan kuma kun karya wani abu, ku ɗaga lambar farko ta fitowar kamar yadda SemVer, tsarin ba wa fitowa lamba, ya tanada, ku faɗa ƙarara a layin farko.

Sannan maganar kwanan wata. Don Allah ku daina rubuta 03/04. Ba'amurke zai karanta 4 ga Maris, Bafaranshe ya karanta 3 ga Afrilu. Ku fara da shekara, sai wata, sai rana, kamar 2024-04-03.