Farar rigar likita ba ta wanke allurar ƙara girman gaba

Kwanakin nan da wuya ka buɗe Facebook ko TikTok ba ka ci karo da masu tallan ƙara girman gaba ba. Da can masu ƙwaya da man shafawa ne suka cika mana ido, kowa ya san halinsu, mai hankali ya wuce abinsa. Yanzu salo ya canza. Mutum ne zai fito cikin farar rigar likita, bayansa gado fes da fitilar ɗakin tiyata, sirinji a hannu ɗaya, tef ɗin awo a ɗayan, yana bayani cikin sanyin murya cewa kafin awa guda za a ƙara wa namiji kauri da tsawo, ya tashi ya koma bakin aikinsa. Tallan ya ɓata mini rai, amma masu kare shi sun fi ɓata mini. Mutane ne masu ilimi, kuma maganarsu ɗaya ce: wai matsalar ta 'yan dagajin likitoci ce kawai, in ƙwararre ne ya yi, babu komai.

To, a tambayi ƙwararrun. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta daɗe da bayyana matsayinta a kan hanyoyi biyun da aka fi tallatawa, wato ɗura kitse a ƙarƙashin fata don ƙarin kauri, da yanke jijiyar da ke riƙe da azzakari don ƙarin tsawo. Ta ce duka biyun ba a tabbatar da amincinsu ba, ba a kuma tabbatar suna aiki ba. Waɗannan su ne masu wuƙar a hannu, su ne za su amfana da an ce aikin yana da kyau.

Yankan jijiyar nan ya kamata kowa ya gane abin da yake. Akwai wata jijiya mai ƙarfi da ta ɗaure gindin azzakari da ƙashin mara. In an yanke ta, gaban yakan sauko ya yi lilo, sai ya yi kamar ya ƙara tsawo a kwance. Babu naman da ya ƙaru. Idan ya miƙe kuwa, ya rasa madogara, yana iya kallon ƙasa ko ya riƙa rawa, kuma tabon da ke warkewa kan ja shi baya har ya fi da gajarta. Wani bincike da aka buga a 2006 a kan maza 42 da aka yi wa wannan aikin a Landan ya nuna matsakaicin ƙarin santimita 1.3 ne kacal, kuma kashi 35 cikin ɗari ne kawai suka gamsu.

Kitse kuma daga ciki ko cinya ake zuƙo shi a ɗura. Jiki yana shanye wani sashe ya bar wani, sai gaban ya koma tudu da kwari, ga ƙullutu, ga karkacewa. A 2017 aka ba da labarin wani mai shekara 30, lafiyarsa ƙalau, da ya rasu a Stockholm ta Suwidin bayan kitsen da aka ɗura masa ya bi jini ya toshe masa hanyoyin huhu. A asibiti aka yi masa, ba a lungu ba. Masu cewa ai yanzu akwai sinadarin cika fata da ke narkewa da kansa sun manta su faɗi cewa shi ma yana kawo kumburi da ƙullutu da shigar ƙwayoyin cuta, kuma da ya narke sai a koma a sake.

Na san za a ce masu yi wa kansu allurar basilin da silikon daban ne. Ban yarda ba. Tallan mai farar riga shi ke kunna wutar, wanda ba shi da halin zuwa asibitin kuma sai ya nemi mai sirinji mafi kusa. A 2019 likitoci a Papua New Guinea suka yi kukan cewa cikin shekara biyu maza aƙalla 500 sun zo asibiti bayan allurar man kwakwa da man jarirai da silikon. Man ba ya narkewa. Jiki yana kewaye shi da nama mai tauri kamar itace, fata ta yi baƙi, ta fashe, ta fara ruwa, fitsari ya zama azaba. Ƙarshenta sai an feɗe fatar gaba ɗaya an yanko wata daga cinya an lulluɓe. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancin mazan nan lafiyarsu lau. A 2015 masu bincike a King's College ta Landan suka tattara awon maza sama da 15,000, wanda ma'aikatan lafiya suka auna da hannunsu, suka samu matsakaicin tsawo a miƙe santimita 13 ne da ɗan ɗoriya. Wani binciken jin ra'ayi na mutum sama da 50,000 da aka buga a 2006 ya nuna kashi 85 cikin ɗari na mata sun gamsu da halittar mazansu, amma kashi 55 ne kawai na maza suka gamsu da tasu. Damuwar a zuciya take. Finafinan batsa sun lalata ma'auni, mutum yana kallon kansa daga sama inda komai ke gajarta, tumbi kuma ya binne wani sashe. Likitan da ya ga mutum cikin wannan hali, ya san awonsa daidai yake, ya kuma ɗauko wuƙa, ya ci amanar aikinsa. Masu ƙaramar halitta ta haƙiƙa, da masu rauni ko ciwon lanƙwasa, batunsu daban ne, kuma suna da magani a hannun likitan mafitsara.

Masu cewa jikinsa ne kuma kuɗinsa ne, su fara faɗa mana ko an nuna masa hoton wanda aikin ya lalace wa kafin ya sa hannu. Ba a nuna masa. Kuma ba zai ji daga bakin waɗanda abin ya shafa ba, domin wanda gabansa ya ruɓe ba ya fitowa bidiyo. Yakan ɓoye wa matarsa, ya yi ta shafa magani a ɓoye watanni, sai wari ya tona shi. Kunyar da ta kai shi gadon aikin ita ke rufe masa baki bayan an gama, shi ya sa tallan ba ya rasa shaidu masu murmushi.

Kamfanonin sada zumunta su sauke irin waɗannan tallace-tallace, hukumomin da ke ba likitoci lasisi kuma su kira masu fitowa a ciki su yi bayani. Duk namijin da ya shiga asibiti da wannan buƙata, a fara auna shi, a nuna masa inda ya faɗa a jadawalin awon binciken nan na 2015, a haɗa shi da likitan da zai saurari damuwarsa kafin kowa ya taɓa sirinji.