Zuba gangara a bakin ƙofa ba shi ne an gama ba

Mutane da yawa a jami'o'inmu sun ɗauka da zarar an zuba siminti an yi gangara a gefen matakala, shi ke nan an sallami ɗalibai masu buƙata ta musamman. Ba haka abin yake ba.

Ita kanta gangarar tana da ƙa'ida. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne duk tsayin santimita 1 ya samu tsawon santimita 12. Dakalin da ya kai santimita 30 kenan yana buƙatar gangara mai tsawon mita 3.6. Abin da magina ke yi kuwa sau da yawa bai wuce taku biyu ba, a tsaye kamar tsani. Na ga wata ɗaliba ta turo kekenta har rabi, ƙarfinta ya ƙare, keken ya fara komawa baya, sai da samari biyu suka tare ta. Abin ya tsaya mini a rai.

To, a ce ma ta shiga. Laccar tana bene na biyu, ƙofar banɗaki kuma ta yi wa keken kaɗan. Makaho shi ma yana fama da kwata a buɗe tsakanin ɗakin kwana da aji.

Kuma wannan haƙƙi ne, ba alfarma ba. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta bai wa gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara. Wa'adin ya cika tun farkon 2024.