Har yaushe Abuja za ta zauna ba zaɓaɓɓen magajin gari?

A watan Yunin 2025, lokacin da malaman firamare na Babban Birnin Tarayya suke cikin wata na uku suna yajin aiki kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, Ministan Abuja Nyesom Wike ya tara manyan ƙasa, aka buɗe Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa da aka yi wa kwaskwarima, ya raɗa mata sunan Shugaba Tinubu. Ba a nemi shawarar mazauna birnin ba, kuma ba su da bakin tuhumarsa, tunda ba su suka ɗora shi ba. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne masu cewa ai ga tituna ga gadoji, me za a yi da wani magajin gari?

Haka ake tafiya tun da Janar Murtala Mohammed ya kafa yankin da Doka ta 6 ta 1976. Daga Mobolaji Ajose-Adeogun zuwa Mamman Vatsa, Jeremiah Useni, Nasiru El-Rufai da Muhammad Musa Bello, kowanne naɗa shi aka yi, kuma fuskar wanda ya naɗa shi yake kallo. Sashe na 299 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauki Abuja tamkar jiha, sai ya miƙa ikon gwamna ga shugaban ƙasa, na majalisar jiha ga Majalisar Tarayya. Wato ɗan majalisa daga Bayelsa ko Yobe ne yake yi wa Kubwa da Nyanya doka, alhali yankin kaf sanata ɗaya gare shi da 'yan majalisar wakilai biyu.

Za a ce albashin malamai yana wuyan ƙananan hukumomi shida ne, su AMAC (ta cikin birnin Abuja) da Bwari da Kuje, kuma zaɓar shugabanninsu ake yi. Gaskiya ne. An bar musu yara da asibitocin sha-ka-tafi, amma fili da takardar mallaka da motar rusau suna hannun minista. Wanda aka zaɓa ba shi da iko, mai ikon kuwa ba a zaɓe shi ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a duniya, kuma dalilin bai taɓa zama kyautata gudanarwa ba. Bayan boren da mutanen Paris suka yi a 1871 gwamnatin Faransa ta hana Paris magajin gari fiye da shekara ɗari, sai a 1977 aka zaɓi Jacques Chirac. A Washington, majalisar Amurka ta ɗora kwamishinoni uku a kan birnin tun 1874, kuma 'yan majalisar kudancin ƙasar sun daɗe suna tare hanyar zaɓe a birnin da baƙar fata suka zo suka rinjaya, har aka yi dokar 1973, aka zaɓi Walter Washington a 1974. A Landan, Margaret Thatcher ta rushe majalisar birnin a 1986 saboda shugaban majalisar, Ken Livingstone, ya zame mata ƙarfen ƙafa. Da aka kafa kujerar magajin gari a 2000, shi ɗin dai jama'a suka zaɓa, ba tare da tutar kowace jam'iyya ba.

Tsoro ne kawai. Mai mulki ba ya son kishiya a ƙofar gidansa, kuma tsoron yana da tushe: Chirac ya zama shugaban ƙasa a 1995, Boris Johnson ya tashi daga kujerar Landan ya kai ga firaminista. A nan gida, duk wanda ya ga yadda Abuja ta juya wa APC da PDP baya a zaɓen shugaban ƙasa na 2023, ta kuma tura Ireti Kingibe a ƙarƙashin tutar jam'iyyar Labour zuwa majalisar dattawa, ya san abin da ya sa ƙudirin magajin gari yake shiga majalisa a lokutan gyaran kundin mulki amma bai taɓa fitowa a matsayin doka ba.

Masu cewa Abuja ta kowa ce, don haka kada a bar ta a hannun 'yan siyasar gari, su gaya mana ko Paris ta daina zama ta Faransawa tun 1977. Ita wannan magana ta “birnin kowa” da ita aka shekara arba'in da bakwai ana danne Gbagyi da Gade da Koro da Gwandara, waɗanda aka tarar a ƙasar, kafin ɗansu Zephaniah Jisalo ya samu kujerar minista a 2023, ita ma bayan hukuncin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 2018 da ya ce 'yan asalin Abuja suna da haƙƙin kujerar.

A gyara sashe na 299. Gwamnatin tarayya ta riƙe Aso Rock da unguwar majalisa da ofisoshin jakadanci da tsaro. Filaye da makarantu da kasuwanni da kasafin kuɗi su koma hannun wanda mazauna birnin za su zaɓa duk shekara huɗu, da majalisar da za ta iya kiransa ta tsige shi.