Man kwakwa na shafawa ne, ba maganin hawan jini ba

Kwanakin baya na tarar da goggona a Mabera tana kurɓar cokali guda na man kwakwa da sassafe, tun ba ta sa komai a cikinta ba. Wata mai talla a WhatsApp ce ta ce mata yana narkar da tumbi, yana saukar da hawan jini. Na ce, "Goggo, ina ƙwayoyin da likita ya rubuta maki?" Ta ce ta ɗan ajiye su tukuna. Abin ya tsaya mini a rai, don na san ba ita kaɗai ba ce a garin nan.

Duk wanda ya taɓa ajiye kwalbar man kwakwa a ɗaki lokacin hunturun Sakkwato ya san da asuba yakan same shi fari fat, ya daskare kamar kakide. Da zarar ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da 24 sai ya kama jikinsa, domin fiye da kashi 80 cikin 100 nasa kitse ne mai daskarewa. A manja irin wannan kitsen kusan rabi ne, a man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 ba. Ko man shanu da muke yi wa kallon mai nauyi bai kai shi ba.

Wannan kitsen shi ke ƙara kolestarol mai cutarwa, wato LDL, wanda ke taruwa a bangon jijiyoyin jini har hanya ta ƙuntata, a wayi gari da bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki. A 2017 Ƙungiyar Kula da Lafiyar Zuciya ta Amurka ta ba da shawarar a guje shi a girki. A 2020 mujallar Circulation ta tattara gwaje-gwaje 16, aka ga yana ɗaga LDL fiye da irin su man waken soya da man zaitun. Gaskiya ne yana ƙara HDL, wanda ake kira mai amfani, amma hakan ba ya goge ɓarnar ɗayan. Hukumar Lafiya ta Duniya ma cewa ta yi kada kitse mai daskarewa ya wuce kashi 10 cikin 100 na kuzarin da mutum ke samu daga abinci a rana.

Masu talla sukan kafa hujja da mutanen tsibiran Fasifik, wai sun dogara da kwakwa amma zuciyarsu ƙalau. To, su naman kwakwar suke ci da kifi da doya. Mu kuwa tataccen mai za mu ɗora a kan masa da tsire da miyar da ta riga ta sha manja.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kuɗin. Kwakwa daga Badagry da sauran bakin teku ake hauro da ita, mai tsada ne. Ga matan unguwa suna matse gyaɗa suna soya ƙuli-ƙuli, mansu ya fi araha kuma ya fi sauƙi ga zuciya, amma mun raina shi don na gida ne.

Ban ce guba ba ne. Ɗan kaɗan jefi-jefi don ƙamshin shinkafa ba zai kwantar da mai lafiya ba, kuma yana laushin fata idan iskar hunturu ta kawo kaushi da faso. Abin da na roƙi Goggo ke nan: ta mayar da kwalbar gaban madubi, ta koma kan ƙwayoyinta, Litinin kuma in kai ta a auna jininta.