Kafin Ka Ce Amin, Ka Auna

'Yan'uwa a cikin Almasihu, salama a gare ku. Idan ka shiga sujada ka tarar jama'a duka suna magana da harsuna a lokaci guda, zuciyarka ta ƙi kwanciya, kada wani ya ce maka ƙarancin bangaskiya ne. Buɗe 1 Korantiyawa 14, ma'aunin yana nan.

Aya ta 27 da ta 28 sun ƙayyade abin: mutum biyu, in an yi yawa uku, bi da bi, kuma sai da mai fassara. In babu shi, mai harshen ya yi shiru a taro, ya yi maganarsa tsakaninsa da Allah, domin abin da ikkilisiya ba ta gane ba, ba ya gina ta. Manzo Bulus ya ce ya fi su duka magana da harsuna, duk da haka ya gwammace kalma biyar da hankalinsa a kan dubu goma da baƙon harshe. Mai cewa "Ruhu ne ya kama ni, na kasa tsayawa" ya duba aya ta 32: ruhohin annabawa suna ƙarƙashin ikon annabawan. Bulus bai hana harsuna ba, aya ta 39 ta faɗa a fili. Amma a jera mutane a ce su maimaita wasu sautuka har bakinsu ya saba, wannan koyo ne, ba baiwa ba, kuma 1 Korantiyawa 12:30 ta nuna ba kowa aka ba ba.

Annabci ya fi ɓarna idan ya karkace. In an yi maka, rubuta shi kalma bi kalma, ka sa kwanan wata, ka kai wa fastonka da dattawan da suka san ka. Kada ka bar aiki, ko ka ɗaura aure, ko ka fasa shi, kafin a auna. Maimaitawar Shari'a 18:22 ta ce maganar da ba ta cika ba, ba daga Ubangiji take ba. Lura kuma da irin "akwai wata a nan mai ciwon baya". A babban taro ai ba za a rasa ba! Wanda kuwa ya nuna maka mahaifiyarka ko surukarka ya ce ita ce mayyar da ta tare maka hanya, tashi ka bar wurin. Gidaje nawa suka watse a kan haka?

Mai, ruwa ko hankici da aka sa wa farashi, ka tuna Bitrus ya ce wa Siman mai sihiri, wanda ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, kuɗinsa su hallaka tare da shi (Ayyukan Manzanni 8:20). A Yakubu 5:14 dattawa ne ke shafa wa majinyaci mai da addu'a, ba a ambaci ko kwabo ba.

Allah yana warkarwa, babu shakka. Amma Yesu da kansa ya aiki kutare goma su nuna kansu ga firistoci (Luka 17:14), Bulus kuma ya bar abokin tafiyarsa Tarofimas a garin Militas ba lafiya. Hawan jini da ciwon sukari sukan yi shiru a jiki, murnar taro kuma takan danne zafi na ɗan lokaci. In an ce ka warke, ci gaba da shan maganinka, ka koma asibiti a gwada jininka, likita ne zai ce ka rage ko ka daina.