Kafin ka tura abans na motar sipor, ka san shekararta ta gaskiya

Jiya da dare a fadarmu ta nan Lazare, shayi na biyu bai ma sauka daga wuta ba ƙanena ya miƙo mini waya ya ce "Yaya dubi wannan, Mustang ce 2010, mutumin Lome ya ce in na tura abans cikin satin nan ta zama tawa." Ja ce, tana ƙyalli, wallahi ni kaina sai da zuciyata ta motsa. Amma na ce mishi kar ya tura ko dala tukuna, daga nan gardama ta ɓarke har wajen ƙarfe ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta abin nan a buɗe don na san ba shi kaɗai ba ne ke wannan mafarkin a Yamai.

Na san wasu za su ce mi ya kai talaka ga mota mai ƙofa biyu, ya sayi Corolla mana ya huta. Ni ban cikin masu wannan magana. Yaron nan shekara bakwai shina tara kuɗɗin da guminshi, bai ci na kowa ba, ya yi ma tsohuwarmu ɗaki a Tawa kafin ya fara maganar mota, to in ranshi na son abin da zai taka ya ji ƙugin inji hakkinshi ne. Abin da ke damuna shi ne mutanenmu suna sayen suna da launi, su manta da shekara, alhali a irin waɗannan motoci shekara guda tak tana iya raba ka da miliyoyi.

Mu ɗauki Mustang ɗin nan tashi. Ta 2010 da ta 2011 in ka jera su a bakin gudron da wuya ka bambanta su, jiki kusan ɗaya ne. Amma buɗe kapo ka gani. V6 ta 2010, wato mai silinda shida, tsohon inji ne mai lita 4.0, ƙarfin doki 210 kacal, ta 2011 kuwa Ford sunka saka sabon inji 3.7 mai doki 305 kuma duk da haka bai kai tsohon shan mai ba. Haka ma V8 mai silinda takwas, daga 4.6 mai doki 315 sunka koma 5.0 da ake ce ma Coyote mai doki 412. Kenan wanda ya sayi V6 ta 2011 ya kusa kamo mai V8 ta 2010 a ƙarfi, kuma dillali ba zai taɓa gaya maka wannan ba in ta 2010 ce a hannunshi, zai ce maka ai duk uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Duk da haka ni ba 2011 na ce mishi ya nema ba, 2012 zuwa 2014 na ce. Dalilina, shekarar farko ta kowane sabon inji ko sabon jiki kamar tuwon farko ne na amarya, masu saye na farko su ke gano ma kamfani inda gishiri bai ji ba, sai a shekara ta biyu ta uku a gyara. Mai sayen okaziyo ba abin da ke kora tai, an riga an yi gwajin a kan kuɗɗin wasu, mi zai sa ya je ya ɗauko ta farkon? Kuma akwai wani abu da Turawa ke kushe ma Mustang ta kafin 2015 wanda ni a wurina alheri ne, wato ƙafafun bayanta a kan gatari guda suke kamar na fikap. Su suna cewa tsohon yayi ne, daga 2015 anka raba ƙafafun kowace da nata motsi. To amma wanda ya san ramukan da ke tsakanin Dogon Dutsi da Ƙonni, ko lateri ta cikin unguwanni bayan ruwan Agusta, ya san abu mai sauƙin haɗi shi ke daɗewa a ƙasar nan kuma shi makanikinmu ke iya gyarawa ba tare da ya yi ta duba waya ba.

Wani abokinmu a fadar ya ce to Nissan 350Z fa, ita ce ya fi gani a ranshi. Ita ma labarin guda ne. Na farkon, 2003 da 2004, an san su da cin tayun gaba ta gefen ciki. Na 2005 da 2006 masu buwat ta hannu da anka ƙara ma ƙarfi zuwa doki 300 an san su da shan baƙin mai, ka yi bidanj yau bayan ɗan lokaci ka ja sandar awo ka ga ya sauka. Sai a 2007 sunka kawo injin da ake ce ma HR mai doki 306, shi ne wanda ya zauna daidai, kuma gane shi ba wuya, kapo ɗin yana da ɗan tudu a tsakiya kuma akwatin iska biyu ne, hagu da dama. In dillali ya ce maka 2007 ce ka ga kapo a shafe, akwatin iska guda, ka gode mishi ka yi gaba.

Toyota 86 kuma, wadda a Amurka anka fara saidawa da sunan Scion FR-S, ita ce ta fi yaudarar mutanenmu saboda suna ganin tambarin Toyota sai hankali ya kwanta, a zaci in wani abu ya lalace za a zagaya Feray a samo kamar na Corolla ko Hilux. Injin Subaru ne a cikinta, kwantacce, a masana'antar Subaru ake haɗa ta, na farko-farkon ma sai da anka kira su gyaran sifirin na bawul, sannan a 2017 anka sabunta ta. Kuma inji ne mai matsa mai sosai, mai son esans mai kyau, ba motar da za ka tsaya wurin ɗan ruwa-ruwa a juye mata kwalba biyu ba ce.

Porsche ba zan daɗe a kanta ba don kaɗan ne cikinmu za su kai can. Boxster da Cayman da 911 na tsakanin 1997 da 2008 akwai wani ɗan boris a cikin inji da ake ce ma IMS, ba duka ke lalacewa ba, amma in ya tashi da injin gaba ɗaya yake tafiya. Daga 2009 sunka sake inji sunka cire abin kwata-kwata. In ba za ka iya ta 2009 zuwa sama ba ka bar ta ma masu ita.

Yanzu ga inda ni abin ya taɓa cina, kuma shi ya sa nake zafi a kan maganar. Shekarun baya na sayi wata mai ƙofa biyu, ba zan faɗi irinta ba kuma ba zan faɗi wanda ya saida mini ba. An ce mini 2008 ce, fitilu na 2008, parshok na 2008, na biya kuɗɗin 2008. Wata biyar ina jin daɗina, sai famfon ruwa ya mutu cikin zafin Afrilu, munka yi odar na 2008 daga waje, munka jira sati shida, ya zo bai shiga ba. Maigidan garajin, dattijo ne da nake girmamawa ƙwarai, ya sa tabarau ya leƙa ƙasan gilashin gaba ya ce "Ɗana, wannan motar 2005 ce, kwalliya anka yi mata." Wata huɗu ta yi ƙarƙashin bedi tana shan ƙura, daga baya na saida ta da faɗuwar da har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, don kuɗɗin da na yi niyyar fara ginin fili ne.

Abin da dattijon nan ya koya mini ran nan shi nake so kowa ya riƙe. Lambar shasi harufa da lambobi 17 ce, tana nan ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, kuma a motocin da anka yi ma kasuwar Amurka na goma a jerin shi ke faɗin shekarar model. 7 na nufin 2007, 9 na nufin 2009, daga 2010 anka koma harufa, A 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, haka har H 2017. Kar ka dogara da kartagiris, ita ranar da anka fara sa motar a hanya take nunawa. Kuma a Amurka shekarar model tana riga kalanda, Mustang ta 2011 tun cikin 2010 anka fara saida ta, don haka takardar da ke manne a bakin ƙofa tana iya nuna an ƙera ta 2010 alhali sabon injin ne a ciki. Ka haɗa lambar gilashi da ta bakin ƙofa da ta takardu, in ɗaya ta saɓa ka tashi.

Ban ce shekara ita kaɗai ce magana ba. Mota mai shekara mai kyau da ta kwana cikin ambaliya ta fi mai mugunyar shekara sharri, kuma tun bayan guguwar Harvey da ta nutsar da Houston a 2017 kowa ya san irin waɗannan motoci suna bin gwanjo su hau jirgin ruwa. Ka ɗaga kafet ka shinshina, ka duba ƙarfen da kujera ke gudu a kai ko ya yi tsatsa, ka sa a jona mata na'urar diyagnostik. Ka bar ta a kunne da kilim tsakar rana minti talatin kana kallon allurar zafi, don motar da anka yi ma sanyin wata ƙasa ba ta san digiri 45 na watan Mayu a kan gadar Kennedy ba. Sannan ka lissafa kuɗɗin hanya da na duwan da kyau, tun da anka rufe gadar Gaya da Malanbil a 2023 kaya ta Lome suke zagayowa, piyes da da kake samu cikin kwanaki yanzu sai ka yi haƙuri, wannan kaɗai ya isa ya sa mutum ya guji shekarar da anka san tana yawan neman gyara.

Ƙanen nawa dai bai ji daɗi ba da farko, ya ce "Yaya kai kullum sai ka sanyaya ma mutum gwiwa." Na ce mishi a'a, so nake ranar da za ka shiga Tawa da ita ka shiga da ƙafafunta ba a bayan kamiyo ba. Munka yi yarjejeniya ya rubuta ma mutumin Lome ya turo hoton lambar shasi da hoton inji kapo a buɗe, in na goma C ne ko sama za mu zauna mu yi maganar farashi, in A ne ko B ya ci gaba da nema. Har yanzu da nake rubutun nan hotuna huɗu mutumin ya turo, biyu na kujeru, ɗaya na taya, ɗaya na rediyo, na shasi bai zo ba. Mun sake rubuta mishi da safen nan.