Gashi uku a ƙirjin Alhaji

Akun gidanmu gadonsa na yi. Marigayi Baba ne ya taho da shi daga kurmi tun ina saurayi, kuma saboda yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana muka raɗa masa Alhaji. Abin da ya fi ƙwarewa a kai shi ne korar masu bin bashi: da an yi sallama sai ya ce, da muryar Baba sak, "Alhaji ba ya nan!" Ba wanda ya taɓa tambayar ko namiji ne. Aku ba zakara ba ne balle ka ga zanko. Macen da namijin kamar an tsaga kara.

Sai ɗan yayata mai karatun dabbobi a jami'a ya zo hutu. Ya ce wannan aku mai jar wutsiya na neman ƙarewa a daji, tun 2017 aka haramta cinikin kamun daji tsakanin ƙasashe, kuma masu haɗa su don su hayayyafa da gwajin DNA, wato ƙwayoyin gadon halitta, suke gane jinsi. Wai a tsuntsaye ƙwayoyin jinsin namiji iri ɗaya ne, ZZ, na mace kuwa iri biyu, ZW. In layi ɗaya ya fito a gwajin namiji ne, in biyu mace.

"Kawu, gashi uku za ka tuge a ƙirjinsa. Ban da wanda ya zuba da kansa, a gindin sabo DNA ɗin yake."

Wai gashi uku! Uwargida ta riƙe tawul, ni na zura hannu a keji ina lallami. Bakin da ke fasa ƙwallon dabino shi ya cafke mini babban yatsa. Na yi salati, uwargida ta yar da tawul ta yi ɗaki, yaron kuma yana daga bakin zaure yana ba da umarni. Gashi biyu na samu, jinina ya ɓata ɗaya. Na ce ya faɗa musu a ɗakin gwajin, kada a auna ni a madadinsa.

Bayan mako biyu ya turo hoto ta WhatsApp. Layi biyu raɗau.

Uwargida ta tafa hannu. "Shi ya sa shekara 22 ba ma shiri, ashe kishiya ce!"

Da safe na tsaya nesa da kejin, yatsa a naɗe, na ce, "Hajiya, ina kwana?" Ta karkata kai, ta dube ni da ido ɗaya, ta gyara murya.

"Alhaji ba ya nan!"